Amsa ga Alhaji kan kantar da ke turo kaya da kanta

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Alhaji, na ga bidiyon da ka turo na babban kantin nan na Yamai, inda ake zare sabulu ɗaya, na bayansa ya matso gaba da kansa, kana tambaya ko ya dace ka sa irinsa a shagonka na nan babbar kasuwa. To bari in yi maka bayani da baki, rubutu zai yi tsawo.

Abin ba lantarki ba ne, ba batir. Sifirin ne, siririn ƙarfe a naɗe, irin na cikin mitar awo ta magina wadda in ka ja ka saki take komawa. Bakinsa ɗaya a maƙale yake a gaban kantar, naɗin kuma yana bayan wani ɗan allo na roba mai tafiya a kan layi. In ka tura allon baya ka jera kaya, ƙarfen ya warware. Da mai saye ya ɗauki ɗaya, sai ya naɗe kaɗan, ya turo sauran har su tokare da shingen gaba. Shi ke nan, ka gane ko?

Yanzu shawarata, Alhaji: ka saya, amma kar ka cika shago da shi. Yana aiki ne da kaya masu kwali, masu girma ɗaya: sabulu, man goge baki, kwalin shayi, reza, batir. Ƙananan ledojin madara da na omo kuwa, lanƙwashewa za su yi su cushe, bar su a rataye yadda muka saba. Gwangwanin tumatir da na madara, su ma ba sai ka kashe kuɗi ba, kafinta ya ɗan karkata maka katakon ya sa shinge a gaba, nauyinsu zai gangaro da su.

Kuma sifirin ɗin ƙarfinsa iri-iri ne. Mai ƙarfi a bayan kwali marar nauyi, matse shi zai yi har ya lotse. Marar ƙarfi a bayan kaya masu nauyi, ko motsi ba zai yi ba. Saboda haka in za ka aika Kano, ka ba yaron samfurin kayan ya gwada a gabansa, kuma ka auna zurfin kantarka tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran shago. Wallahi ka tsaya a kansu. Dole a ja allon baya a sa sabon kaya A BAYA, tsohon ya zauna gaba. In suka riƙa cusa sabo ta gaba don sauri, na baya zai kwana watanni har ranarsa ta wuce, kai kuma kana ganin layi cike kana murna. Magani ko abincin yara ne fa wani lokaci.

Sai ƙura. Hunturun Maradi ka san shi, layin nan zai cika da rairayi, allon ya riƙa cijewa. A share da busasshen burushi duk mako, kar a ɗiga mai, mai ƙura yake kamawa. Kuma kar a sa shi inda rana ke bugawa ta ƙofa, robar bushewa take ta tsage.

Fara da layi kaɗan na sabulu. Turo mini hoton kantar da awonta, in gaya maka faɗin da za ka nema.