Me ya sa tsohon injin jirgin sama yake ƙara shan mai?

Tambaya: Ni makanikin mota ne a Kano. Na ji ana cewa jirgin sama ma idan injinsa ya daɗe yana aiki sai ya riƙa shan mai fiye da da. Gaskiya ne? Kuma wannan ƙurar hunturu da ke rufe mu duk shekara, tana yi wa injin illa? Ko hakan na nufin tsohon jirgi yana da haɗari?

Amsa: Malam, gaskiya ka ji. Sai dai yadda abin yake faruwa ya bambanta da na mota. Inji idan ya gaji a mota, direba ne zai fara ji, don za ta daina jan tudu. A jirgi kuwa matuƙi ba ya jin raguwar ƙarfi. Akwai kwamfutar da ke lura da injin, idan an nemi ƙarfi kaza sai ta tabbatar an same shi, ko da kuwa sai ta ƙara zuba mai. Saboda haka gajiyar injin jirgi a wurare biyu take bayyana: a man da ya sha, da kuma zafin hayaƙin da yake fitarwa.

Mu ɗauki injin CFM56, wanda ke kan jiragen Boeing 737 da yawa masu zirga-zirga tsakanin Legas da Abuja da Kano. Kamfanin GE na Amurka da Safran na Faransa ne suka haɗa hannu suke ƙera shi. Babbar fankar da kake hangowa a gaba tana zuƙo iska, yawancinta ta wuce ta gefe, ƙalilan ta shiga ciki. Wadda ta shiga sai jerin fuka-fukan kwamfiresa su matse ta, a fesa mata mai, a kunna wuta. Iskar da ta yi zafi ta fito da ƙarfi ta juya wasu fuka-fukan na baya, su kuma su juya fankar da kwamfiresan. Duk aikin ya dogara ne a kan siffar waɗannan fuka-fukai da kuma ɗan siririn gibin da ke tsakanin bakinsu da bangon injin. Idan gibin ya buɗe, iska sai ta riƙa zurarewa ta baya, kamar dai ringi idan ya ci a injin mota.

Lalacewar iri biyu ce. Akwai datti: ƙura da gishirin iskar teku da maiƙo suna manne wa fuka-fukan kwamfiresa, su ɓata santsinsu. Wannan mai sauƙi ne, wanka ake yi wa injin. Ana juya shi da sitata ba tare da an kunna wuta ba, a fesa tsaftataccen ruwa ta gaba, ya wanke cikin. Ta haka akan iya dawo da abin da ya kai kusan kashi 1 cikin ɗari na man da ake asara. Ɗaya irin kuwa ci ne, ƙarfe ya zaizaye, baki ya dakushe, gibi ya buɗe. Ruwa ba ya maganin wannan, sai an sauke inji an yi masa garambawul.

Kada ka raina kashi 1 cikin ɗari. Boeing 737-800 yana ƙona kimanin tan biyu da rabi na mai a awa ɗaya. Kashi 1 ɗin ya zama kilo 25 ke nan a kowace awa. Jirgin da ya tashi awa 3,000 a shekara ya yi asarar tan 75, shi kaɗai, ga shi kuma kuɗin mai yana cikin mafi nauyin abin da kamfanin jirgi yake kashewa.

Maganar ƙura ita ce ta fi shafar mu. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana cin fuka-fukan gaba a hankali. Amma ɓarnar da ta fi muni a bayan inji take. Zafin wutar da ke ci a ciki ya wuce wanda zai narkar da ƙarfen fuka-fukan baya. Abin da ke hana su narkewa shi ne wani shafe da aka yi masu na kare zafi, da ƙananan huji da iska mai ɗan sanyi ke bi ta ciki. Ƙura mai laushi tana toshe waɗannan huji, wata kuma ta narke ta zama kamar gilashi ta manne, ta ɓamɓare shafen. In ka leƙa irin wannan fiffike za ka ga bakinsa ya ƙone, ya yi tsattsaga. Shi ya sa injin da ke aiki a ƙasashen zafi da rairayi ba ya kai wa'adin ɗan'uwansa da ke Turai. A baje kolin jirage na Dubai a 2023, shugaban kamfanin jiragen sama na Emirates, Tim Clark, ya ƙi sayen jirgin Airbus A350-1000 a kan wannan dalili, yana ƙorafin cewa injinsa na Rolls-Royce zai riƙa komawa gyara da wuri a yanayinsu.

Batun haɗari kuma, ga yadda ake yi. Kowane inji yana da iyakar zafin hayaƙi da ba a yarda ya wuce ba. Na CFM56-7B, nau'in CFM56 da ke kan Boeing 737-800, digiri 950 ne a ma'aunin Celsius lokacin tashi. Sabon inji yana ƙasa da wannan iyaka da tazara mai kyau. Yana tsufa tazarar tana raguwa, injiniyoyi kuma suna bin lissafinta daga tashi zuwa tashi. Ranar zafi irin ta watan Afrilu a Kano tana ƙara matse ta. Ban da haka ana zura wata siririyar kyamara a bakin tiyo ta cikin ramukan da aka tanada, a duba fuka-fukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kwance komai ba. Kafin tazarar ta ƙare ake sauke injin. Wasu sassan ma, irin faifan da fuka-fukan ke kansa, ƙidayar tashi ake yi masu, idan adadin ya cika a cire su ko da ido bai ga aibi ba.

A ganina shekarun jirgi ba su ne abin tambaya ba, domin ana iya ɗora injin da ya fito daga garambawul jiya a kan jirgi mai shekara 20. Yawan tashi ya fi cin inji a kan tsawon tafiya, tunda a lokacin tashi yake kaiwa ƙololuwar zafi. Jirgin da ke ɗan gajeren zango irin Kano zuwa Abuja sau da yawa a rana ya fi wahalar da injinsa fiye da mai tafiya ɗaya doguwa zuwa Jidda. Don haka ne matuƙa, idan titin tashi dogo ne kuma kaya ba su yi nauyi ba, sukan tashi da ƙarfin da bai kai cikakke ba, su rage wa injin zafi.