Idan waya ɗaya ce a gida, kuma tare da ke take fita aiki

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce makarantar yaranki ta koma turo darasi ta WhatsApp suna zaune a gida, alhali ke da maigidanki kowa yana fita nema tun da safe, kina tambayar yadda za ki yi kada karatunsu ya lalace, kuma kada aikinki ya taɓu. Zan gaya miki abin da ya faru a gidana a nan Bauchi a shekarar 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda cutar korona, yawancin yara ba su koma aji ba sai wajen Oktoba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, saboda haka ba na cikin waɗanda aka ce su zauna a gida, maigidana kuma yana da shago a kasuwar Wunti. Yaranmu uku ne, babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, na tsakiya yana aji huɗu a firamare, autan kuwa bai daɗe da shiga aji ɗaya ba. Waya mai WhatsApp guda ɗaya ce a gidan, tawa. Da farko na riƙa bar musu ita, sai ya zama ana nemana a wurin aiki ba a samu, datar wata kuma ta ƙare cikin 'yan kwanaki, ga shi idan an ɗauke wuta caji ya mutu shi ke nan ranar ta tafi a banza. Na kuma zana musu jadawali irin na makaranta, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, wanda ko mako guda bai yi ba, domin ba yaron da zai zauna awa biyar a kan tabarma ba malami a kansa.

Abin da ya cece mu shi ne fitar da darasin daga cikin waya zuwa takarda. Bayan sallar isha nakan zauna da fitila mai caji, in saurari saƙon muryar da malamai suka turo, in kwafe aikin kowane yaro a littafinsa da hannuna, in sa kwanan wata a sama. Yana cin kusan minti arba'in, kuma akwai daren da nakan dawo ƙafafuna a kumbure, idona yana rufewa ina rubutu. Amma da gari ya waye wayata tana jakata, aikin yara yana gabansu. Bidiyo mai nauyi kuwa sai da tsakar dare nake sauke shi, lokacin da data ta fi sauƙi.

Sai lokacin karatun kansa. Bayan sallar asuba, kafin in ɗora ruwan koko, nakan yi rabin awa da su in nuna wa kowa inda zai fara, su ƙarasa kafin rana ta yi zafi. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilun wannan shekara, cikin tsananin zafi, mun gane cewa duk abin da ba a yi kafin hantsi ba to ba za a yi shi ba. Gidajen rediyo ma sun riƙa sa darussan firamare da Hausa, na roƙi maƙwabciyata, wata dattijuwa da ba ta fita, ta riƙa kunna musu idan lokaci ya yi. Ba ta iya boko ba, amma zamanta kusa da su kaɗai ya isa ya hana su tashi.

Da yamma ba koyarwa nake yi ba, sauraro nake yi. Autan yakan zauna a bakin murhu ya karanta mini layi biyar yana bin haruffa da yatsa, ina tuƙa tuwo ina gyara masa. Lissafi kuma na bar wa mahaifinsu, wanda yakan buɗe littafin cinikin shago bayan magariba ya sa na tsakiya ya tara kuɗin ranar. Ki zauna da maigidanki ku raba aikin tun farko, ki faɗa masa ainihin abin da kike so ya ɗauka, domin idan ba a ambata ba komai kanki zai dawo.

Malaman ma na yi musu magana cikin ladabi cewa ba zan iya mayar da aiki da rana ba, sai da dare ko ƙarshen mako, kuma suka amince. A wurin aiki na yi musayar duti da wata abokiyar aikina domin in samu safiya biyu a mako.

Akwai kuskure ɗaya da har yau yake damuna, shi ne wanda na fi so ki guje wa. Na ɗora wa babbar 'yata kula da ƙannenta, da wanke-wanke, da dafa abincin rana, ina ganin ai ta girma. Sai wata rana na buɗe littafinta na lissafi na tarar mako uku ba ta rubuta komai ba, da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai hawaye na zuba. Daga ranar na ware mata awa biyu bayan azahar, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba mai aikenta ko da sayen gishiri ne. Duk da haka sai da ta yi zango guda tana fama da lissafi bayan an koma makaranta. Idan kina da babbar 'ya a gidan, ki fara buɗe littafinta kafin na kowa.