Amsa ga mai tambaya kan zaɓen lambar sana'a don neman zama a Kanada

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce shekara huɗu kana aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Kano da muƙamin jami'in kuɗi, kana shirin buɗe bayananka a tsarin Express Entry, wato hanyar da Kanada take zaɓar ƙwararrun ma'aikata bisa maki ta ba su izinin zama na dindindin, kuma ejan ɗin da ke taimaka maka ya ce ka ɗauki lamba 11100 ta ƙwararrun akantoci domin ta fi daraja, alhali kai kana ganin 12200 ta fi kama da aikinka. Ta wannan hanya na bi, kuma tun daga lokacin nake duba wa 'yan'uwa takardunsu, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani.

Jami'in hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, ba muƙaminka yake aunawa ba, aikin da kake yi daga safe zuwa tashi shi yake aunawa. Kundin sana'o'in da suke kira NOC ya raba ayyukan ƙasar zuwa rukuni 516, kuma tun ranar 16 ga Nuwamba 2022 hukumar take amfani da bugun 2021, wanda lambobinsa guda biyar-biyar ne. Duk wanda ya ba ka lamba mai guda huɗu, tsohon yayi ya ba ka. Lamba ta farko tana nuna fannin sana'a, ta biyu kuma tana nuna matakin da suke kira TEER, daga 0 zuwa 5, gwargwadon ilimi da horo da nauyin da aikin yake buƙata. Express Entry matakin 0 zuwa 3 kawai yake karɓa. Da ka kalli 11100 ka san mataki na 1 ce, 12200 mataki na 2, kuma dukansu biyun sun shiga.

A nan shawarar ejan ɗinka ta rasa ƙafa. A lissafin makin da ake jera masu nema da shi, wanda ya yi shekara uku a sana'ar mataki na 1 a wajen Kanada da wanda ya yi shekara uku a ta mataki na 3 maki ɗaya suke samu. Darajar da ake maka kwaɗayinta ba za ta ƙara maka ko ɗigo ba, sai dai ta ɗora maka nauyin tabbatar da ayyukan da wataƙila ba ka taɓa yi ba. Kuma lambar ba ta ɗaure mutum bayan ya sauka: wanda ya samu izinin zama na dindindin yana iya neman duk aikin da ya ga dama, ba a tambayarsa wace lamba ya shigo da ita. Idan ka yi niyyar zama cikakken akanta a can, wannan magana ce tsakaninka da ƙungiyar akantocin lardin da ka sauka, ba ta da alaƙa da abin da ka cike a fom.

Yadda nake yi wa mutane shi ne, kafin a buɗe shafin kundin, su ɗauki takarda su rubuta abin da suka yi a makon da ya wuce, da kuma abin da suke yi a ƙarshen wata da ƙarshen shekara, da kalmominsu. Sai bayan nan a kwatanta. Kowane rukuni yana da sakin layi a sama mai bayyana ainihin aikin, sannan jerin manyan ayyuka, sannan a ƙasa jerin sana'o'in da suka yi kama da shi amma ba sa cikinsa. Ƙa'idar ita ce ka nuna ka yi abin da sakin layin farko ya faɗa, kuma ka yi mafi yawan manyan ayyukan. Mutane suna tsallake jerin nan na ƙasa, alhali sau da yawa a nan ne suke iske lambarsu ta gaskiya.

A fanninka lambobi uku ne suke maƙwabtaka, kuma ta ukun ce abin tsoro. Mai 11100 shi ne wanda yake tsara tsarin ajiye lissafi, yake binciken littattafai, yake kafa matakan hana ɓarna a cikin gida, yake ba shugabanni shawara kan kuɗi da haraji. Mai 12200 shi yake riƙe da littattafan: yana shigar da lissafi a babban littafi, yana daidaita asusu da bayanan banki, yana fitar da gwajin daidaiton lissafi, yana shirya albashi da takardun biyan haraji da rahoton kuɗi. Mai 14200 kuwa magatakardan lissafi ne, aikinsa fitar da takardun neman biya, shigar da alƙaluma a kwamfuta da duba rasit, kuma shi mataki na 4 ne, bai cancanci shiga tsarin ba sam. Daga abin da ka bayyana, cewa kai kake rufe lissafin wata kana miƙa wa babban akanta ya duba ya sa hannu, 12200 ce taka. Haɗarin da nake hango maka ba na hawa sama ba ne kaɗai, har da na zamewa ƙasa: idan wasiƙar kamfaninka ta cika da shigar da alƙaluma da tara rasit, jami'in zai iya karanta ta a matsayin 14200, ya ce shekarunka huɗu ba ƙwarewar da ake nema ba ce.

Wannan matsala ta fi kama ma'aikatan banki na Najeriya, domin a bankunanmu muƙami matakin albashi ne, ba bayanin aiki ba. Na taɓa duba takardun wata baiwar Allah da takardarta ta ce jami'ar banki, amma da muka zauna ta lissafa aikinta, sai ga shi karɓar kuɗi da biya a kantar banki take yi, wanda a kundin yake ƙarƙashin 64400, mataki na 4. Abin da ya cece ta shi ne shekara biyun da ta yi daga baya a ɓangaren tallata rance da buɗe wa abokan hulɗa asusu, wanda ya dace da 63102, mataki na 3. Da waɗannan shekaru biyun ta shiga, ta bayyana sauran a tarihin aikinta yadda suke ba tare da neman maki a kansu ba.

Ka lura kuma da sharaɗin shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya, ɗaya daga cikin shirye-shiryen da ke ƙarƙashin Express Entry: shekara ɗaya a jere, ko sa'o'i 1,560 a kan sa'a 30 a mako, na aikin da aka biya ka, a cikin shekara goma da suka wuce, kuma duka a ƙarƙashin lamba ɗaya, wadda ita ce za ka sa a matsayin babbar sana'arka. Ba dole ba ne ta zama aikin da kake yi yanzu, ba dole ba ne kuma ta dace da digirinka. Wanda ya karanta kimiyyar sinadarai ya ƙare a sashen kuɗi, aikin kuɗin za a duba.

Komai dai a kan wasiƙar wurin aiki yake tsayawa. Ana so ta zo a kan takarda mai tambarin kamfani da adireshi da lambar waya, ta faɗi muƙaminka, ranar farawa, sa'o'in aiki a mako, albashin shekara da alawus, da ayyukanka dalla-dalla, da suna da sa hannun shugabanka ko jami'in sashen ma'aikata. Kamfanoninmu da yawa layi uku suke bayarwa: wane ma'aikacinmu ne, ya fara ran kaza, muƙaminsa kaza. Idan haka ta faru, ka karɓi wannan ɗin, ka nemi wanda kake ƙarƙashinsa kai tsaye ya rubuta ayyukanka ya sa hannu, ka haɗa da takardar ɗaukarka aiki, takardun albashi, bayanan asusun da albashin yake shiga, da gajeren bayani naka na dalilin da ya sa kamfanin bai rubuta cikakkiya ba. Kada a kwafo jerin ayyukan daga shafin kundin kalma da kalma. Jami'an sun haddace jimlolin nan, kuma wasiƙar da ta zo daga Kano da Turancin Ottawa tsaf tana jawo tambaya. A rubuta da sunan manhajar da kuke amfani da ita, da irin harajin da kake shiryawa, da wanda kake kai wa rahoto.

Ka fara neman wasiƙar tun yanzu, domin bayan gayyata, wato lokacin da hukumar ta zaɓe ka ta ce ka miƙa cikakkun takardun neman zama, kwana 60 kawai ake bayarwa a miƙa komai. Kafin gayyata kana iya gyara lambar a bayananka yadda kake so. Bayan ta zo, sauyawa yana buƙatar bayani, kuma idan gayyatar ta dogara ne a kan sana'ar, zai iya rushe ta gaba ɗaya.

Wuri ɗaya ne lambar take sauya rabon mutum da gaske. Tun 2023 hukumar take yin zaɓe na musamman ga wasu fannoni kamar lafiya da sana'o'in hannu da masu jin Faransanci, inda makin da ake nema yakan sauka, kuma larduna ma suna zaɓar mutane bisa sana'a. Jerin yana sauyawa, don haka a shafin hukumar za ka duba shi, ba a bakin ejan ba. Nan ne ake ruɗar mutane su ari lambar da ba tasu ba. Idan jami'i ya ga lambar ba ta dace ba kawai, zai ƙi takardar, kuɗin dubawa ya tafi, amma kana iya sake nema. Idan kuwa ya gano an ƙirƙiri ayyukan ne, misali ya kira kamfanin aka ba shi labari daban, sashe na 40 na dokar shige da ficensu ya tanadi haramcin shekara biyar, kuma kai zai hau, ko da ejan ne ya cike fom ɗin. Ka tambayi naka lambar rajistarsa da hukumar da ke ba masu ba da shawarar shige da fice lasisi a Kanada, ka duba ta da kanka. Idan ka rubuta jerin ayyukanka na mako da na ƙarshen wata, ka turo nan ba tare da sunan kamfanin ba, mu kwatanta shi da 12200 layi bayan layi.