Akantana ya ƙi saka min kuɗin man mota duka a takardar haraji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata kai wa mutane kaya da motata. Akantan da nake biya ya cike min takardun haraji ya ƙi saka duk kuɗin mai da na gyara cikin abin da ake cirewa kafin a yanka haraji, wai da motar nake kai yara makaranta. Ya kuma ajiye wani gyaran inji a gefe don ba ni da rasidi. Har mun yi sa-in-sa. Tunda ni nake biyansa, ba sai ya yi yadda na ce ba? Ko in sallame shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sallame shi tukuna. Na daɗe ina wannan aiki na haraji, kuma akantan da nake jin tsoro shi ne wanda duk abin da ka faɗa zai ce to. Kai za ka sa hannu a takardar nan. Ranar da hukumar haraji ta waiwayo, ƙofarka za ta ƙwanƙwasa, ta nemi cikon kuɗin, ta ɗora tara da kuɗin ruwa. Shi ma ba zai tsira ba. A Amurka, alal misali, akwai tara ta musamman ga mai shirya takardun da ya rage wa mutum haraji ba bisa hujja ba.

A batun mota yana da gaskiya, amma bai kamata maganar ta tsaya a "a'a" ba. Abin da ake cirewa shi ne kuɗin da aka kashe don sana'a. Motar da ke aiki biyu kuwa raba kuɗinta ake yi. Sayi ɗan littafi ka ajiye a gaban mota. Duk fita ka rubuta kwanan wata, inda ka je, da kilomitar da mitar motar ta nuna. Idan a wata ka yi kilomita 1,000, kuma 700 na kai kaya ne, to kashi 70 cikin 100 na mai da gyara haƙƙinka ne, kuma ya kamata ya tsaya maka a kai. Na taɓa zama da wani direba a gaban mai binciken haraji. Littafinsa duk ya yi baƙi da tabon man inji, amma jami'in ya buɗe shafi uku ya rufe, bai ƙara tambaya ba.

Gyaran injin ma ba a rasa mafita. Koma wurin bakaniken ya rubuta maka shaidar aikin da ya yi da ainihin ranar, ka haɗa da bayanin banki idan tura masa kuɗin ka yi. Amma don Allah kada ka yarda a ƙirƙiro maka rasidi. Wannan ya wuce kuskure, ya zama zamba.

Idan kun zauna, a daina jayayya da baki. Ce masa ya nuna maka sashen dokar da ya dogara da shi, a rubuce. In ya kasa, ko ya ƙi sauraron maganar raba kuɗin, kai takardun wurin wani ƙwararren ya duba. In rabuwa ta zo, biya shi ladan aikin da ya riga ya yi, ka karɓi duk takardunka kafin wa'adin miƙawa ya ƙarato.