Duba-gari sun kwashe mini nama, in kai su kotu?

Wani mahauci ya aiko da tambaya. An kira shi wani gida ya feɗe saniyar da ta kwanta ciwo aka yi saurin yanka ta, mai ita ya sayar masa da rabin naman, ya kai teburinsa. A gefe kuma akwai ƙyafaffen naman barewa da wani maharbi ya kawo masa. Duba-gari suka zo suka kwashe duka. Yana ganin tunda yankan Musulunci aka yi, kuma yana biyan kuɗin kasuwa, zalunci ne, yana son ya kai ƙara.

Malam, na fahimci zafin asarar, amma bisa abin da ka faɗa, ina jin tsoron hujjarka ba ta kai ƙarfin da kake zato ba. Halaccin yanka daban, lafiyar nama daban. Bisimilla tana halatta dabba, amma ba ta nuna ko akwai tarin fuka a huhunta. Abin da hukuma ke tambaya shi ne ko likitan dabbobi ya duba ta da ranta, ya kuma duba naman bayan fiɗa. Rasit ɗin kasuwa kuwa shaidar biyan kuɗin wurin zama ne kawai.

Inda mahauta da yawa ke ruɗewa shi ne tsakanin aiki da ciniki. Idan an kira ka gidan suna ko biki ko ranar layya ka feɗe, ka yayyanka, aka biya ka ladanka, naman ya zauna a gidan, galibi ba mai tuhumarka, domin ba ka sayar wa kowa komai ba. Da zarar ka ɗauki tsoka ɗaya ka ɗora a tebur, ka koma mai sayar wa jama'a abinci, kuma duk ƙa'idojin mayanka sun hau kanka. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa mayanka da kasuwanni da kula da su, jihohi kuma suna da nasu dokokin duba nama, waɗanda suka ɗan bambanta daga wannan jiha zuwa waccan. Dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka ta jihohin Arewa, ma ta mai da sayar da abinci mai cutarwa laifi, idan mutum ya san halinsa ko yana da dalilin sani. To kai da bakinka ka ce saniyar kwance take. Wannan maganar lauyan hukuma zai fara kamawa. Ka tuna a watan Yulin 2023 aka tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona a Suleja, cutar da ke kama mutum tun daga taɓa jini da fata, wato mai fiɗa ne farkon wanda take samu.

Maganar barewa ta fi damuna. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985, wadda aka gyara a 2016, sun kasa namun daji gida-gida: wasu an hana farautarsu sam, wasu sai da lasisi. Idan kuwa daga Yankari ko Kamuku ko dajin Falgore aka harbo ta, lamarin ya ƙara nauyi. Cewa ba kai ka harba ba ba lallai ta fisshe ka ba, domin mallaka da sayarwa ma suna iya zama laifi. Ka tambayi maharbin lasisinsa da inda ya samo ta? Ina kyautata zaton bai ma yi maka maganar ba, ya karɓi kuɗinsa ya bar ka da kaya.

Ba ina cewa duba-gari ba sa wuce gona da iri ba ne. Ya kamata su nuna shaidar aikinsu, su ba ka takardar abin da suka kwashe, a kuma san inda naman ya ƙare, an ƙona ko an binne. Idan ba a yi haka ba, ko wani ya nemi na goro, kana da abin ƙorafi, ka rubuta wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarku. Sai dai ƙarar ma'aikacin gwamnati tana da ƙa'ida: galibi wata 3 kacal doka ta ba ka, kuma yawanci sai ka ba ƙaramar hukuma sanarwa tukuna. Ko ka bi duk wannan, kuɗin shari'a zai iya ninka kuɗin naman, kuma ƙarar na iya tono maganar barewa ta juyo kanka.

Shawarata, ka je wurin Sarkin Fawa ya raka ka ofishin duba-gari a zauna. Ka nemi a rufe maganar da gargaɗi, ka sabunta rajistarka. Shi kuma mai saniyar, da ya san ba ta da lafiya ya tura maka, ya kamata a kira shi gaban Sarkin Fawa ya ɗauki wani kaso na asarar. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka kai wa lauyan da ya san dokar jiharku ya karanta.