Sauya batirin na'urar farfaɗiya

'Yar'uwa, kin tambaya ko sai an sake buɗe wuyan ɗanki tunda batirin na'urarsa ta farfaɗiya ya kusa ƙarewa. Na'urar dai ƙaramin akwati ce mai batiri da aka dasa a ƙirjinsa, da siririyar waya da ta haɗa akwatin da wata jijiya a wuyansa. Ki kwantar da hankalinki, galibi ba a taɓa wuyan. Likita zai bi tsohon tabon ƙirji, ya ciro ƙaramin akwatin, ya gwada wayar, in lafiyarta ƙalau ya jona sabo.

Cire wayar ne mai wahala, don nama ya riga ya manne ta da jijiyar, kuma murya na iya dishewa. Shi ya sa wani lokaci ake yanke ta a bar guntu. In haka ta faru, ku sanar da likitoci kafin a yi masa duk wani hoton cikin jiki na MRI. Don Allah kada ku jira batirin ya mutu, farfaɗiyar na iya tsananta.