Sunan gidan na Birtaniya, kayan ciki na duniya: amsa ga ƙanenmu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambayi dalilin da ya sa ake ce wa gidan nan na Landan Gidan Tarihin Birtaniya, alhali kayan Masar da Girka da Benin sunka cika shi.

Tarihi nake koyarwa a sakandare nan Sakkwato, kuma na shiga gidan lokacin da munka je wani kwas. Sunan irin waɗannan gidaje mai riƙe da kaya yake nunawa, ba ruwansa da inda kayan sunka fito. Majalisar Birtaniya ce ta kafa shi a 1753, bayan likita Hans Sloane ya rasu ya bar tarin kaya wajen 71,000, anka biya magadansa fam 20,000. Louvre na Faris sunan fadar sarakuna ne, a 1793 anka buɗe ta ga jama'a. Smithsonian na Amurka kuwa sunan James Smithson ya ci, mutumin Ingila da ya ba da dukiyar, ko ƙasar bai taɓa takawa ba.

Kwanan nan Turawa sun fara jin kunyar tsofaffin sunayen da ke warin mulkin mallaka. Na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya koma Gidan Tarihin Duniya a 2013, na birnin Munik a Jamus ya zama na Nahiyoyi Biyar a 2014. A Faris anka yi ta jayayya kan abin da za a kira kayan Afirka da Asiya, ƙarshe sai anka laƙaba wa gidan sunan titin da yake, Quai Branly, a 2006. Sunan kansa ma haja ne: Abu Dabi ta biya yuro miliyan 400 don ta yi amfani da sunan Louvre shekara 30.

Ni dai wannan "na duniya" bai kwanta mini ba. A 2002 manyan gidaje 18 sunka sa hannu kan sanarwar cewa su na dukkan al'umma ne, daidai lokacin da masu kaya ke neman a maido musu abinsu. A Landan sai ka sauka ɗaki na 25, can ƙasa, ka tarar da allunan tagullar Benin jere bisa sandunan ƙarfe, har ramukan ƙusoshin da anka kafa su da su a fadar Oba, wato sarkin Benin, kana gani. Sojan Birtaniya sunka kwaso su a 1897. Shiga kyauta ne, amma ɗalibaina nawa za su samu biza? Jamus dai ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Benin da ke hannunta fiye da 1,000 a 2022.

Mu nan gidan tarihinmu sunan Waziri Junaidu anka sa masa, malamin da ya rubuta tarihin daular Sakkwato da hannunsa. Can nake kai yara su ga rubuce-rubucen malaman jihadi da wasiƙun sarakuna. Idan ba ka taɓa shiga ba, ka fara da shi kafin ka nemi Landan.